Bakin Tsuntsu

Shekara bakwai ina girka wa babana,
shekara bakwai yana ture kwano.
Shinkafa da wake, rogo luguf,
naman da ya dahu har ya saki ƙashi:
loma uku, sai ya miƙe tsaye,
ya kora da ruwa moɗa guda,
yana dukan ƙirji kamar mai buga ƙofar kurma.
Na ce a raina, hannun mamata yake nema,
ni kuwa ba ita ba ce.

Sai da wando ya ƙi zama a ƙugunsa,
sai da na tarar da jibin jiya a kan matashi,
ƙwayar wake ɗaya, lafiyarta lau, tana kallona,
sannan muka hau motar asuba zuwa Goiânia.
Awa biyar, gonakin waken soya hagu da dama.
Shi da azumin da likita ya ɗora masa,
ni da burodin cuku a jaka,
na kasa ci a gabansa.

Ɗakin hoton sanyi ƙalau.
Jandira sunan mai ɗauka, tana da wushirya.
Ta rataya mini rigar dalma mai nauyin ɗan maraƙi,
ta miƙa masa kofi,
farin ruwa mai kauri kamar an dama alli da madara.
"Bariyam ne, Seu Valdemiro.
Guntsa ka riƙe, kar ka haɗiye sai na ce."
Mutumin da ya ƙetare Araguaia da garke a gaba
ya tsaya da kumatu cike,
yana jiran izini kamar ɗan aji ɗaya.

"Haɗiye."

A allo farin ya koma baƙi.
Na ga babana ba fata, ba hula, ba taurin kai,
haƙarƙari kawai, da inuwar zuciya tana aikinta.
Baƙin ya gangaro ta wuya,
ya sauko, ya sauko,
ya tsaya.
Hanyar da ya kamata ta yi kaurin yatsu biyu
ta buɗe kamar tsohuwar salka,
ruwan ya kwanta a ciki, ya ƙi gaba.
Can ƙasa, a ƙofar tumbi, ta tsuke siriri.
Ɗigo ya wuce.
Muka jira.
Wani ɗigon.

Likita ya ɗora biro a wurin.
"Bakin tsuntsu muke ce masa.
Da kana yaro, a ɗakin laka kake kwana?"
Baba ya ce, wa ya kwana a wani?
Akwai ƙwaro a tsagar bango,
mu nan wanzami muke kiransa,
da dare yake zuwa, a fuska yake yin ƙaho,
ba ya karɓar lada, sai dai ya bar tsaraba.
Shekara hamsin tsarabar tana cin jijiya a ɓoye
har ƙofar ta manta yadda ake buɗewa.

Ban san na yi magana a fili ba:
"Ashe ba girkina ba ne."

Ya juyo, gashin baki fari fat da alli.
"Zulmira, wa ya ce girkinki ne?
Ƙamshi yake kashe ni tun daga shinge."
Ya lashi leɓe, ya yamutsa fuska.
"Wannan dai, ko ke ba ki taɓa ɓata abu haka ba."

Jandira ta ce ya sha ruwa da yawa,
kar ya tsorata in ya ga bayan gida ya yi fari.
Aka rubuta mana ranar tiyata, wata uku nan gaba,
da wata takardar, ta gwajin zuciya.
Wannan ban tambaya ba. Na ninke ta huɗu.

A mota ya ce in fito da burodin.
Na ci ɗaya, ya yi tauri.
Ya riƙe ɗayan a hanci
har muka wuce Inhumas.